Yabon Gwani Ya Zama Dole, Ko da Jirgin Maƙiyi Ne

Daren Asabar ɗin da ta gabata muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i. An ɗauke wuta, zafi ya koro mu waje, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Can sai ɗan yayata ya matso kan tabarmata ya miƙo mini tasa.

"Kawu, dubi wannan tsohon. Wai janar ne a sojan saman Jamus lokacin yaƙin Hitila, amma an ce jirgin Ingila ya roƙa a ba shi."

Na karɓa na duba. Tsohuwar hira ce, hoton har ya dushe. Dattijo ne mai gashin baki, yana magana a natse, ya ɗaga tafukansa biyu yana kwatanta yadda jirgi ke bin bayan jirgi: wannan ya karkata, wancan ya biyo shi. Adolf Galland ne, wanda aka lissafa masa kakkaɓo jirage 104. A ƙasan bidiyon an rubuta labarin da aka fi saninsa da shi. A 1940 babban kwamandansu, Hermann Goering, ya tambaye shi me yake buƙata, shi kuwa ya ce a ba rundunarsa jiragen Spitfire, wato ainihin jiragen da suke gwabzawa da su kullum.

Wani maƙwabcinmu, mutumin da nake ganin girmansa, ya ce: "Malam, wallahi da ni ne shugabansu, nan take zan sa a ɗaure shi. Ana tsaka da yaƙi ka buɗe baki ka yabi makamin maƙiyi? Ai wannan cin amanar ƙasa ne." Yawancin 'yan majalisar suka goyi bayansa.

Maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta, shi ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina sojan da ya faɗi gaskiya a kan makamin abokin gaba ya fi wa ƙasarsa amfani fiye da sojoji goma masu yi mata kirari, kuma shugaban da kunnensa ba ya ɗaukar irin wannan magana shi ke tura yaransa kabari. Wannan bai mai da Galland mutumin kirki a wurina ba, kuma zan zo kan hakan. Amma laifin da aka ɗora masa a ƙofar gidanmu ba shi ne laifinsa ba.

Abin da ya sa ya faɗi haka

A bazarar Turai ta 1940 Jamus ta cinye Faransa, saura Ingila. Jiragen Jamus masu ruwan bama-bamai suna tashi su tsallaka teku, ƙananan jiragen yaƙi ƙirar Messerschmitt 109 suna yi musu rakiya. Matsalar 109 ita ce tankin mai. Idan ya isa saman Landan, abin da ya rage masa na faɗa bai wuce kamar minti goma ba. Daga nan jar fitilar gargaɗi ta kama a gaban matuƙi, ga teku a tsakaninsa da gida. Da yawa a ruwa suka ƙare, ba tare da harsashi ya taɓa su ba.

Da asarar manyan jiragen ta yi yawa, Goering ya ɗora wa matuƙan rakiya laifi, ya ba da umarni su riƙa tafiya manne da masu jefa bam. To ƙarfin 109 yana cikin gudu da hawa sama, ya faɗo wa abokin gaba kamar shaho ya wuce. Umarnin ya zama tamkar a ɗaure ingarman doki da jaki a igiya ɗaya a ce su yi sukuwa. Spitfire kuwa ya fi shi iya juyawa a ƙuntataccen wuri, don haka ya fi dacewa da irin wannan aiki na kewaya abin da kake karewa.

Abin da Galland ke nufi ke nan. Shi da kansa ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1953 cewa a zuciyarsa 109 ya fi so, takaicin umarnin ne ya sa ya furta abin da ya furta. Ya san jirginsa, ya san na maƙiyi, ya san inda kowanne ya fi wani. Wannan sani shi ne jarin matuƙin jirgin yaƙi, kuma ba a samunsa sai an yarda cewa na wancan ɓangaren ma gwanaye ne.

Turawan Ingila ma sun yi irin wannan duba a kan nasu jirgin. Injin Spitfire na lokacin da kafireta yake aiki, na Bajamushe kuwa famfo ne ke tura masa mai kai tsaye. Idan matuƙin Spitfire ya danna hancin jirgi ƙasa da sauri, sai injin ya yi tari ya ɗauke na ɗan lokaci. Jamusawa sun gano haka, da sun ga an biyo su sai su nutsa ƙasa su tsere. Matuƙan Ingila suka koma gida suka ce a nan maƙiyi ya fi mu. Ba wanda ya ɗaure su. Wata injiniya mai suna Beatrice Shilling ta ƙera wani ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya, kamar kwabon da iyayenmu suka kashe, aka saka a bututun mai, ita da 'yan tawagarta suna bin sansanoni suna ɗaurawa a farkon 1941. Ɗan wannan abu ya rage matsalar har aka sami gyara na dindindin. Da matuƙan nan sun dawo suna cewa jirginmu ba na biyunsa, wa zai tura ta aikin?

Masu gaya wa sarki abin da yake son ji

A ɓangaren Jamus akwai wani hafsa, Josef Schmid, shugaban leƙen asirin sojan sama. A watan Yuli 1940 ya rubuta rahoto yana raina jiragen Ingila, bai ma ba na'urorinsu na hango jirage daga nesa wani muhimmanci ba. Rahoton ya yi wa manya daɗi. A daidai wannan lokaci masana'antun Ingila suna fitar da jiragen yaƙi kusan ninki biyu na abin da Jamus ke ƙerawa a wata. Mako bayan mako ana gaya wa matuƙan Jamus cewa maƙiyi ya kusa ƙarewa, su kuma kullum suka tsallaka teku sai su tarar da shi yana jiransu.

Bayan shekara uku abin ya ƙara muni. A 1943 Galland, wanda a lokacin shi ne janar mai kula da dukkan ƙananan jiragen yaƙin Jamus, ya kai rahoto cewa jiragen rakiyar Amurka sun fara isowa har birnin Aachen a kan iyakar ƙasar, an ma kakkaɓo wasu a wurin. Albert Speer, ministan makamai, ya ba da labarin abin da ya biyo baya: Goering ya ce ba zai yiwu ba, sai dai in an harbe su can yamma suka sulalo har nan, daga ƙarshe ya ba Galland umarni a hukumance ya yarda cewa jiragen ba su zo ba. Ga tarkacensu a ƙasa, amma sarki ya ce babu.

A watan Maris 1944 jiragen Mustang na Amurka suna shawagi a saman Berlin da rana tsaka.

Kishiyar wannan hali tana Amurka. A 1941, tun kafin ta shiga yaƙin, rahotanni sun iso cewa Japan tana da wani jirgi, Zero, da ya fi nasu hawa da juyawa. Manya da dama sun yi watsi da labarin, don ba su yarda ɗan Asiya zai ƙera abin da ya fi na Bature ba. Wani hafsan sojan ruwa, John Thach, ya ɗauki maganar da gaske. Da dare sai ya zauna a teburin kicin ɗinsa da tsinkayen ashana, yana jera su a matsayin jirage, yana neman yadda jirgi mai nauyi zai tsira daga mai sauƙi. Ya fito da dabarar da jirage biyu za su riƙa saƙa da juna, duk wanda aka bi bayansa ya janyo maƙiyin zuwa bakin bindigar ɗan'uwansa. An gwada ta a yaƙin Midway a watan Yuni 1942, ta kuma yi aiki.

Ba sai an je Turai ba ma. Akwai wani tela a unguwarmu da na taɓa tararwa ya shimfiɗa sabon kaftani a kan teburinsa, yana bin ɗinkin wuyan da reza, zare bayan zare. Na ce, "Maigida, sabon kaya kake farkewa?" Ya ce na wani yaro ne da ya buɗe shago a bakin titi, masu kawo masa ɗinki sun fara komawa can, shi ne ya aika aka ɗinko masa da kuɗinsa. Ya ɗaga wuyan ya nuna mini yadda aka naɗe shi ta ciki, ya ce, "Yaron nan ya iya. Ka ga nan? Ni ban taɓa yin haka ba." Har yau shagonsa a buɗe yake. Na san wasu da suka tsaya kan cewa yaran zamani ba su iya komai ba, kekunansu na can sun yi tsatsa.

"Ai zai karya wa yara gwiwa"

Wannan ita ce hujjar maƙwabcina, kuma ba ta banza ba ce. Soja yana buƙatar ƙarfin zuciya, kuma akwai maganar da ba a shelanta ta a rediyo ana tsakiyar yaƙi. Na yarda.

Sai dai a duba wa Galland ya gaya wa. Kwamandansa ne, gaba da gaba, bayan an tambaye shi. In ba a faɗi gaskiya a nan ba, a ina za a faɗe ta?

Su yaran da ake tsoron karya wa gwiwa kuwa, su ne fa suke haɗuwa da Spitfire safe da yamma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda zai ɓoye wa matuƙi cewa jirgin da ke bayansa ya fi nasa juyawa, ya gani da idonsa, ya ga gadon abokinsa babu kowa da dare. Abin da ke kashe masa zuciya shi ne ya dawo da ƙyar, jirginsa duk huda, ya ji manya suna cewa maƙiyi ya ƙare, shi ne matsoraci. Goering ya sha kiran matuƙansa matsorata. A watan Janairu 1945 ya tuɓe Galland daga muƙaminsa, manyan matuƙan da suka taru suka yi masa ƙorafi kuma ya zarge su da tawaye.

"Bayan an sha kaye kowa mai gaskiya ne"

Wannan ta fi ta farko ƙarfi. Lokacin da Galland ya rubuta littafinsa Goering ya riga ya kashe kansa a Nuremberg tun 1946, ba zai tashi ya musa ba. Janar-janar na Jamus da yawa sun yi wannan dabara bayan yaƙi: duk wani kuskure na Hitila ne da Goering, su kuwa masu hangen nesa ne da aka ƙi saurara. Speer ma da ya ba da labarin Aachen mutum ne da ya yi shekara 20 a kurkuku kan laifukan yaƙi, kuma an san ya yi wa kansa kwalliya a rubuce-rubucensa.

Galland bai tsira daga wannan ba. Ya gwada sabon jirgin jet na Jamus, Me 262, a watan Mayu 1943, ya ƙaunace shi, ya kuma dage har ƙarshen rayuwarsa cewa Hitila ne ya ɓata lokacinsa da ya ce a mai da shi mai jefa bam. Masana tarihi da suka bi takardun masana'antu sun nuna babbar matsalar tana cikin injin: Jamus ba ta da isassun ƙarafa masu jure zafi, injin yakan lalace bayan awa 10 zuwa 25 kacal na aiki.

Ido ma yana ruɗin mai shi a sama. Ranar 15 ga Satumba 1940 Ingila ta sanar da cewa ta kakkaɓo jiragen Jamus 185. Da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi, adadin bai wuce 60 ba. Ba lallai ƙarya matuƙan suka shirya ba; mutum uku kan harbi jirgi ɗaya cikin daƙiƙu, kowa ya koma yana rantsuwa shi ya kayar da shi. Akwai kuma girman kai irin na 'yan sana'a. Wani jirgin Ingila, Hurricane, ya fi Spitfire yawa a wancan yaƙi, ya kuma fi shi kayar da jiragen Jamus, amma matuƙan Jamus da aka kama sun fi son a ce Spitfire ne ya harbo su, don shi ne mai suna.

Wannan Hurricane da aka raina, shi ne ya ratsa ta kanmu. Daga Satumba 1940 ana sauke jiragen Ingila a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, a haɗa su, su taso ta Legas, su sauka Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy wadda ita ce Njamena yanzu, su ratsa El Fasher da Khartum har Masar. Jamusawa ba su raina wannan hanya ba: a watan Janairu 1942 wani jirginsu ya ƙetaro Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy.

Don haka tsohon matuƙi ba littafin tarihi ba ne. Idan ya ba ka adadi, ka nemi takarda. Idan ya ce da an saurare ni da mun ci yaƙi, ka tuna kowa na son kansa. Amma idan ya gaya maka yadda jirgin maƙiyi ya kufce masa a kwana, ko yadda hannunsa ya ji nauyin sandar tuƙi a lokacin nutsawa, wannan ilimi ne da babu shi a wata takarda. Kuma tarkacen Aachen da jiragen saman Berlin ba sa buƙatar shaidar kowa.

Waɗanda ke ƙasa

A nan ne na rabu da masu mai da Galland gwarzo.

Labaransa na mutunta abokin gaba suna da daɗin ji. A watan Agusta 1941 aka kama Douglas Bader, matuƙin Ingila da ya rasa ƙafafunsa biyu a hatsarin jirgi tun 1931 amma ya koma tuƙi da ƙafafun ƙarfe. Ɗaya ƙafar ta lalace lokacin da ya diro da lema a Faransa. Galland ya karɓe shi a sansaninsa, ya bar shi ya zauna cikin 109 ya ga yadda yake, aka kuma aika wa Ingila saƙo, jirginsu ya jefo masa sabuwar ƙafa. Wani matuƙin Ingila, Robert Stanford Tuck, da aka kama a 1942, ya zama amininsa bayan yaƙi har ya tsaya wa ɗansa a matsayin uban baftisma.

Duk wannan mutunci tsakanin 'yan sana'a ɗaya ne. Jiragen da Galland ke yi wa rakiya su ne suka kashe fararen hula fiye da 40,000 a biranen Ingila daga Satumba 1940 zuwa Mayu 1941. Tun kafin nan ya fara yaƙinsa a Sifaniya a 1937, yana kai hare-hare ta sama don taimakon Janar Franco a yaƙin basasar ƙasar. Gwamnatin da ya yi wa aiki da dukkan basirarsa ita ce ta hallaka miliyoyin mutane a sansanonin kisa, ta kuma ɗauki baƙar fata a matsayin ƙasƙantaccen ɗan Adam. Abokan hamayyarsa ma hannunsu ba fari ba ne: a watan Yuli 1943 wutar bama-bamansu ta cinye dubun-dubatar mutane a Hamburg cikin 'yan kwanaki.

A hirarrakin tsofaffin matuƙa za ka sha jin ƙarfin inji da faɗin fukafuki, da wuya ka ji an ambaci matar da rufin ɗaki ya faɗo wa. Daga can sama gari taswira ne. Mu kuwa mun san yadda abin yake daga ƙasa. Mutanen sansanin gudun hijira na Rann a Borno sun sani tun 17 ga Janairu 2017, ranar da jirgin sojan samanmu ya jefa musu bam bisa kuskure. Mutanen Tudun Biri a Kaduna sun sani tun daren 3 ga Disamba 2023, lokacin da jirgi maras matuƙi ya faɗa wa taron Mauludi, aka binne aƙalla mutum 85. Ba wanda zai je ya yi musu bayanin kyawun ƙirar abin da ya kashe 'ya'yansu.

Saboda haka abu ɗaya tak nake karɓa daga wurin wannan dattijo: ƙin yi wa shugabansa ƙarya a kan ƙarfin abokin gaba. Sauran kayansa ya riƙe.

Ina kuma karɓa ne don muna da ƙishirwarsa. A watan Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojojin Najeriya 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuwa suna cewa ba a ba su makaman da za su tunkari abin da ke gabansu ba. Bayan shekara ɗaya aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma, daidai lokacin da ƙasa ta cika da binciken kuɗin sayen makamai. A watan Maris 2020 wani bidiyo ya fita na Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙin arewa maso gabas, yana tsaye a fagen daga yana lissafa irin ruwan wutar da maƙiya suka yi musu da motocin da suka lalace. Cikin kwanaki aka ɗauke shi daga wurin, daga baya kotun soja ta hukunta shi kan karya dokar amfani da kafafen sada zumunta. Soja na da dokokinsa, ban ce a bar kowa ya riƙa watsa sirri ba. Abin da ya dame ni shi ne hukuncin ya tsaya kan yadda maganar ta fita, aka bar jaki ana dukan taiki. A ranar 18 ga Yuli 2021 kuma 'yan bindigar daji, waɗanda muka daɗe muna kira ɓarayin shanu, suka kakkaɓo jirgin Alpha Jet na sojan samanmu a Zamfara, matuƙin ya diro da lema ya sha da ƙyar.

Washegari da na sake haɗuwa da maƙwabcina a hanyar masallaci na ce masa, "Alhaji, ka san yadda tsohon nan ya gama yaƙinsa?" Bayan an tuɓe shi, aka bar shi ya tara 'yan ƙwararrun da suka rage su tuƙa Me 262 daga wani fili kusa da Munich. Ranar 26 ga Afrilu 1945 ya yi tashinsa na ƙarshe. Wani matashin Ba'amurke, James Finnegan, ya faɗo masa daga sama ya buɗe wuta, ya lalata masa jirgi, ɓaraguzan ƙarfe suka shige masa gwiwa, ya sauka da ƙyar ana luguden wuta a filin. Jirgin da Finnegan ke tuƙawa P-47 Thunderbolt ne, irin waɗanda aka umarci Galland a 1943 ya yarda ba su iso Aachen ba. Munich tana da nisan ɗaruruwan kilomita a bayan Aachen, kuma kwana 12 bayan wannan rana Jamus ta miƙa wuya.